Taron Masu Inshorar Lafiya: Ina Kujerar Mai Biya?

Masu riƙe da kuɗin inshorar lafiya a ƙasar nan ba su rasa wurin haɗuwa ba. Kamfanonin da ake kira HMO suna da ƙungiyarsu, HMCAN, wadda takan tara su. Shugabannin hukumomin inshora na jihohi su ma suna da zaurensu. A bisansu duka akwai Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda Minista yake zama da Kwamishinonin jihohi, wadda ta yi taronta a Ekiti a 2023, ta yi a Maiduguri a 2024. Mu ba mu ƙi taro ba, mu ma da taro muke aiki. Abin da muke tambaya shi ne, wa yake kiran waɗannan tarurruka, wa yake zama bisa kujera, wa yake ɗaukar nauyin ɗaki da abinci, kuma ina aka ajiye mutumin da ake shawara a kan kuɗinsa da ciwonsa?

Ga wanda bai san abin ba, inshorar lafiya 'yar'uwar adashi ce. Kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga cikin asusun. Bambancinsu ɗaya ne, a adashi kowa ya san ranar ɗaukarsa, a nan kuwa ba mai fatan ɗauka. To, matan kasuwar Tudun Wada a Gusau ba su taɓa yarda uwar adashi ta ƙulle kanta a ɗaki da ƙawayenta su yanke yadda za a yi da zubin mutane ba. Abin da ba a yarda da shi a kan dubu ashirin ba, don me za a yarda da shi a kan miliyoyi?

An yi dokar shirin inshora na ƙasa, NHIS, a 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005, kuma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Aka yi shekaru fiye da goma bai kai ga mutum 5 cikin 100 ba. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka kafa hukumar NHIA, aka ce inshora ta zama tilas ga kowa, aka kuma yi alkawarin asusun marasa galihu domin mutum miliyan 83. A nan jiharmu akwai hukumar ZAMCHEMA. Duk da haka, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan magani a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci take fitowa. Wato har yanzu akuya ce inshorar talaka, in ciwo ya zo a ja ta kasuwa. Wanda ɓarayin daji suka kore masa dabbobi, shi ko wannan ba shi da ita.

Kada wani ya ce abin da ake yankewa a irin waɗannan zama bai shafe shi ba. A shirin Tarayya, an daɗe ana biyan asibiti naira 750 a wata a kan kowane mai rajista domin ƙananan cututtuka, farashin magani yana hawa, kuɗin yana nan inda yake, sai a 2024 aka fara ɗaga shi. Ku da kuke saye da sayarwa kun san abin da naira 750 za ta saya a kemis. In aka ce wa mai kati magani ya ƙare, ya je waje ya saya, ga inda abin ya samo asali.

Ga wata kuma. Katin ma'aikaci a wannan shiri yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Saura sai an ƙara kuɗi. Jama'a, don Allah ku duba gidajen Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, gida nawa ne wannan lissafi ya yi wa daidai? Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, wace zai rubuta, wace zai bari, kuma da wane baki zai gaya mata? Ba mu ce masu tsara ƙa'idar mugaye ne ba, wataƙila asusun ne bai iya ɗauka. Amma da akwai mutumin Zamfara mai ƙuri'a a teburin, da ya tambaya, da an ba shi amsa, da an nemi wata dabara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka batun lambar izini. Kafin asibiti ya yi wa mai kati babban aiki, sai ya nemi yardar kamfani ta waya, majiyyaci yana kwance yana jira. Kuka ya yi yawa har a 2025 NHIA ta umarci kamfanoni su ba da amsa cikin awa ɗaya. Madalla. Sai dai mu a nan mun ga watan Satumba 2021, da aka kashe layukan waya a jihar nan saboda tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Da me asibiti zai nemi lamba ran da babu waya? Da me ɗan tebur zai biya zubin wata ran da babu kasuwa? Wannan tambaya ba za ta faɗo wa mai zama a otel a Ikko ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai taɓa kwana cikinta ba.

Mun kuma ga abin da yakan faru in aka bar masu riƙon kuɗi su zama su ne masu duba kansu. Dokar 1999 ta ba kamfanonin HMO kujera a majalisar da take kula da su. A 2017 shugaban NHIS na lokacin, Farfesa Usman Yusuf na Katsina, ya fito fili ya zargi kamfanonin da riƙe kuɗin asibitoci, Majalisar Wakilai ta zauna a kan maganar. Shi ma aka kawo ƙararraki a kansa, Ministan Lafiya ya dakatar da shi a wannan shekara, aka mayar da shi a 2018, aka cire shi a 2019. Ba mu ne alƙalan wannan shari'a ba. Abin da muka lura shi ne, an yi shekara biyu manya suna kokawa a kan asusun, kuma ba a taɓa tara masu kati aka karanta masu lissafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In an ce ba a taɓa yin yadda muke so ba, an yi. A Jamus aka fara inshorar lafiya ta tilas ga ma'aikata a 1883, zamanin Bismarck, wanda ba masoyin 'yan ƙwadago ba ne ko kaɗan. Ma'aikata suna biyan kashi biyu cikin uku, masu masana'anta suna biyan ɗaya, kujerun kula da asusun kuwa aka raba su bisa wannan awo, wanda ya fi biya ya fi baki. Har yau masu zubi a can suna zaɓen wakilansu duk shekara 6, an yi na baya a 2023.

Saboda haka muna jawo hankalin Gwamnatin Jiha da 'yan Majalisar Dokoki da ke Gusau, a sa a cikin doka cewa duk shekara za a yi babban taron inshorar lafiya na jihar Zamfara, a rana tsayayyiya wadda ba mai ikon ɗagawa don ya ga iska ba ta kaɗa masa daidai ba. Hukuma ta zo, kamfanoni su zo, likitoci da masu kemis su zo. Amma rabin kujeru, ko fiye, su zama na masu zubi: ma'aikata, 'yan kasuwa, mahauta, direbobi, teloli, manoma, da mata waɗanda su ne suke kwana a gaban gadon majiyyaci. Kuma ƙungiyoyinsu ne za su zaɓe su. Mun san irin wakilcin da ake yi mana, a ɗauko mutum ɗaya mai babbar riga a ce shi ne 'yan kasuwa, a ba shi jaka da alƙalami da kuɗin mota, ya tafa hannu ya dawo. Ba wannan muke nufi ba. Wakilin da ba shi da ƙuri'a ɗan kallo ne.

Shugaban taro kada ya zama shugaban hukuma, kada ya zama mai kamfani, don mutum ba ya zama alƙali a ƙarar da aka kai shi. Taron ya zaɓi nasa, shekara biyu ya sauka. Kuɗin taro kuwa ya fito daga kasafin da majalisa ta amince, a rubuta ko nawa ne, kada a karɓi gudummawar kamfanin inshora ko na magani. Wanda ya ci tuwon mutum da rana ba zai iya ɗaga masa murya da la'asar ba, kowa ya san wannan.

Mu da muke aikin akawu a ofishin jam'iyya mun san inda taro yake mutuwa: a littafin shawarwari. A yi jawabai masu daɗi, a yanke abu goma, a rufe littafi, baɗi a yanke su kuma kamar sababbi, taron tsintsiya ba shara. Don haka aikin farko kowace shekara shi ne magatakarda ya miƙe ya karanta abin da aka yanke bara, ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ɗora wa ya ce an yi ko ba a yi ba. Sa'an nan ma'aji ya karanta lissafi da Hausa: nawa aka tara, nawa ya zo daga asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, nawa ya isa asibitocin mazaɓu 147 na jihar nan, wane asibiti ne yake bin bashi kuma tun yaushe. A aika da takardar wata guda kafin taro, a liƙa a ƙofar asibiti da ta kasuwa, a karanta a rediyo. Lissafin da aka miƙa wa mutum yana shiga zaure, an miƙa masa ne don kada ya karanta.

Za a ce talaka bai san lissafin inshora ba. Mai sayar da hatsi da yake riƙe da bashin mutum talatin a kansa ba takarda, shi ne ba zai gane kuɗin shiga da na fita ba? Za a ce hanya ba tsaro. Gaskiya ne, amma a kan wannan hanya ake ɗauko mai naƙuda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin Yariman Bakura, ba wanda ya ce ta jira. In Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta iya zama a Maiduguri, taron jiha zai iya zama bana a Gusau, baɗi a Tsafe inda kwalejin koyon aikin lafiya take, wata shekara a Bungudu, a yi ta zagawa har ƙananan hukumomi 14.

Muna roƙon kowane reshe ya sa wannan magana a taronsa na wannan wata. Sakataren reshe ya zauna da masu kati na unguwarsa, ya rubuta wanda aka ce masa magani ya ƙare, da wanda ya jira lambar izini, da ranar da abin ya faru, ba ƙari ba ragi. A kawo takardun ofis, mu haɗa su wuri ɗaya, mu kai wa ɗan majalisar kowace mazaɓa hannu da hannu, ya sa hannu cewa ya karɓa.