Shan inna: A bi yaran ƙasar Zuru inda gudun hijira ya kai su

Ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. An yi murna, kuma ta dace. Sai dai da sauran rina a kaba. Raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi, idan ta faɗa garin da yara da yawa ba su samu ɗigon ba, takan yi ta zagaye tsakaninsu har ta yi ƙarfin shanye ƙafa. Wannan nau'in bai bar Arewa maso Yamma ba, kuma Kebbi na cikin jihohin da ake samunsa, ita da Sakkwato da Zamfara. Maganinsa shi ne a yi wa kowane yaro, kada a tsallake gida ko ɗaya.

A masarautar Zuru da ke Kebbi an san inda ake tsallakewa. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, jama'a sun watsu zuwa Ribah da Dirin Daji da cikin garin Zuru. Ƙa'ida ita ce a ɗiga wa jariri ranar haihuwa, sannan a mako na 6 da na 10 da na 14. Uwar da ta fito da goyo tsakar dare ba ta tsaya neman katin asibiti ba. Ta sauka a gidan dangi ko kangon makaranta, inda ake cunkoso kuma babu isasshen makewayi, alhali ta bayan gida cutar ke yaɗuwa. Kusan yaro ɗaya cikin 200 da suka kamu ne ke gurguncewa. Sauran suna ɗauke da ita suna wasa da 'yan uwansu, ba wanda ya sani.

Don haka muna kira ga gwamnatin Kebbi ta Nasir Idris da fadar Sarkin Zuru su sa masu unguwanni su rubuta kowane yaro baƙo, a bi shi inda yake kwana, a yi wa iyayensa bayani da Hausa da C'lela, a masallaci da coci. Iyaye kan tambaya: me ya sa kullum shan inna, alhali zazzaɓi ne ke kashe mana yara? Tambayar tana kan hanya. Tun Disambar 2024 Kebbi da Bayelsa suka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, to a haɗa biyun a zama ɗaya.

Waɗanda cutar ta riga ta shanye fa? Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu yaro kan bar kekensa a ƙofa ya ja jiki kan matakala kafin ya shiga aji. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa ta waɗanda cutar ta shanye sun daɗe suna ƙera kekunan guragu, suna kuma shiga gidaje tare da masu ɗigo, domin maigidan da ya kori ma'aikaciya yakan ji nauyin korar wanda ya zo masa a kan keke. Ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu su ɗauki irinsu aikin wayar da kai, da albashi duk wata, kafin zagayen rigakafi na gaba.