Wallafe-wallafen CODESRIA: Rumbu Cike, Mai Gona da Yunwa

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bisa wannan hikima ce waɗansu masanan Afirka suka kafa Majalisar Bunƙasa Binciken Kimiyyar Zamantakewa a Afirka, wato CODESRIA, a birnin Dakar na ƙasar Senegal cikin shekarar 1973. Kafin wannan lokaci, galibin abin da aka rubuta game da tattalin arziki da siyasa da zaman jama'ar Afirka, baƙi ne suka rubuta shi, aka buga a Landan ko Paris. Ɗan ƙasa kuwa, in ya yi bincike, sai ya aika can ya jira ko za a karɓa.

Samir Amin na ƙasar Masar shi ne sakatarenta na farko. Daga shi sai Abdalla Bujra na Kenya, sa'an nan Thandika Mkandawire na Malawi. A 1976 majalisar ta fara fitar da mujallarta mai suna Africa Development, wadda ake bugawa da Ingilishi da Faransanci. Littattafai kuma suka biyo baya. A 1981 ta buga Path to Nigerian Development, wanda Okwudiba Nnoli ya tace. A 1993 ta fitar da littafin Paul Tiyambe Zeleza a kan tarihin tattalin arzikin Afirka, wanda a 1994 ya ci Lambar Noma, kyautar da aka sa wa sunan wani maɗaba'i na ƙasar Japan. A 1997 Ayesha Imam da Amina Mama da Fatou Sow suka tace wani kundi da ya ja kunnen manazarta da su daina binciken al'umma kamar babu mata a cikinta. Yabon gwani ya zama dole: majalisar ta tabbatar cewa ana iya yin bincike mai zurfi a Afirka, a tace shi a nan, a kuma buga shi a nan.

To, amma akwai tambayar da ta wajaba a yi: wa ake rubuta wa? Harsunan aikin majalisar su ne Ingilishi da Faransanci da Fotugis da Larabci. Uku daga cikinsu gadon mulkin mallaka ne. Babu Hausa, babu Suwahili, babu Fulatanci.

A ɗauki misali guda. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masanan CODESRIA suna cikin waɗanda suka fi kowa feɗe irin wannan shiri a faɗin Afirka, har Mkandawire da Charles Soludo suka fitar da littafi sukutum a kansa a 1999. Sai dai manomin auduga na Funtuwa da ɗan kasuwar Kantin Kwari, waɗanda shirin ya taɓa tukunyarsu, ba su da hanyar karanta ko shafi ɗaya na wannan bayani. An auna ciwonsu, an rubuta sakamako, amma da harshen da ba sa ji. Ilmin da ya kamata ya zama makami a hannun talaka ya tsaya a kantar laburare.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji biyu. Ta farko, sun ce harsunan Afirka sun yi yawa, in an zaɓi ɗaya sauran za su yi ƙorafi. Amsa ita ce ba a ce a jefar da Ingilishi da Faransanci ba, domin su ne ke haɗa masanin Dakar da na Nairobi. Abin da ake nema shi ne kowane muhimmin littafi ya sami taƙaitawa cikin manyan harsunan da miliyoyin mutane ke ji. Ta biyu, sun ce harsunan gida ba su da kalmomin fannu. Wannan magana ba ta karɓuwa game da Hausa. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara bayyana al'amuran mulki da na duniya da Hausa, gidajen rediyo kuma kullum suna fassara kasafin kuɗi. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da nahawu da lissafin gado ba zai gaza ɗaukar bayanin bashin ƙasa ba.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa Dakar laifin duka. Majalisar ta sa mujallunta da littattafanta masu yawa a intanet, kowa na iya karantawa kyauta. Saura aiki yana wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundayen neman digiri a fannin fassara. Me zai hana a nemi izinin majalisar, a raba musu babi-babi na waɗannan littattafai, malamai su duba, a buga ƙananan ƙasidu masu araha, a kuma karanta su a rediyo?

Waɗanda suka kafa CODESRIA sun ƙwato alƙalami daga hannun baƙo. Abin da ya rage shi ne a mai da rubutun ga masu shi, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.