RA'AYINMU: Daga Ƙofar Bebeji Zuwa Ranar Mulkin Kai

Ran 1 ga watan Fabrairu na shekarar 1903, rundunar Turawan Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta iso Bebeji ta tarar da ƙofar gari a garƙame. Aka harba igwa, ƙofa ta faɗi, Sarkin garin ya rasa ransa tare da waɗansu mutanensa. Bayan kwana biyu birnin Kano ya shiga hannu. Daga ran nan har shekara 57, talakan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana biyan haraji da jangali, ana haƙar kuza a Riruwai ana fita da ita, ba wanda ya taɓa neman shawararsa.

Irin wannan ƙorafi ne ya raba Amurka da Ingila. Mazauna yankuna 13 na can yawancinsu jikokin Ingila ne, 'yan kaka-gida, amma da Majalisar Landan ta ɗora musu harajin hatimi a 1765, sai suka ce ba ta da ikon yanka musu haraji tun da ba su da wakili a cikinta. A 1773 suka zubar da ganyen shayi a tekun Boston, a 1775 yaƙi ya ɓarke, ran 4 ga watan Yuli na 1776 suka yi shelar ɓallewa. Ingila ba ta amince ba sai a 1783.

Amma fa kada ɗalibai su ruɗu da daɗin shela. Waɗanda suka rubuta cewa an halicci mutane daidai, da yawansu suna da bayi, kuma ba a hana bauta a Amurka ba sai a 1865. Haka nan Ian Smith na Rodeshiya, ran 11 ga Nuwamba 1965, ya kwaikwayi waccan shela don Turawa tsiraru su ci gaba da danne baƙar fata, har sai da aka zubar da jini kafin Zimbabwe ta tabbata a 1980. Ashe ana iya korar sarkin nesa, zalunci ya zauna daram a gida.

Tamu hanyar dabam ce, domin mu 'yan ƙasa ne da aka ci da yaƙi. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, tana kiran sawaba ga talakawa. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya nemi a ba da mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ce sai lokacin da hali ya yi, saboda Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani. Saɓanin ya jawo tarzoma a Kano cikin watan Mayu na shekarar. Da shawarwari a Landan da Ikko aka daidaita, Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba 1960. Duk da haka haraji da jangali ba su bar wuyan talakan Kano ba sai da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke su a 1979.

Saboda haka muna jan kunnen ma'aikatan gwamnati, musamman na ƙananan hukumomin nan huɗu. Kujerar da Di'o ya bari ita kuka gada. Duk ma'aikacin da ya karɓi kuɗin kasuwa ba rasit, ko ya bar manomin da ya taso tun daga Doguwa yana zaman jiran sa hannu har la'asar, to ya mai da mu gidan jiya. Wanda ya biya kuɗin shiga yana da hakkin ya ji inda suka shiga, kuma wajibi ne kansilolinsa su gaya masa.

Muna kuma roƙon hukumomin ilmi su sa a riƙa kai 'yan makaranta Bebeji, a nuna musu inda aka fara tare Nasara a ƙasar Kano, a rubuta abin da dattawa suka ji daga kakanninsu tun ba su ƙare ba. Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.