Sitatus ba ma'ajiya ba ne: yadda masu kwalliyar biki a Zuru ke asarar shaidar aikinsu

Aikin mai kwalliyar wurin biki ba ya kwana. Ta tashi tun asuba ta ɗaura yadi a jikin rumfa, ta jera furanni bayan kujerar ango da amarya, ta hura balan-balan har kumatu su yi tsami. Kafin isha'i an kwance komai an zuba a buhu. Tela yana da rigar da zai nuna, kafinta yana da gadon da ya haɗa. Ita kuwa hoto kawai ya rage mata a waya, kuma da yawa daga masu wannan sana'a a Zuru sitatus na WhatsApp suke kai shi, wurin da ke goge kansa bayan awa 24. Ko kafin ya goge ɗin, ba mai gani sai wanda ya ajiye lambarta ita ma ta ajiye tasa.

Aiki kam akwai shi a garin. Ga kamu da walima, ga kwalliyar coci lokacin Kirsimeti da ɗaurin aure, ga bikin Uhola, ga tarukan ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020. Matsalar tana fitowa ne ranar da yarinya ko saurayi ya nemi wuce wannan mataki, ya nemi wani babban mai dekoreshan a Birnin Kebbi ko Kontagora ya ɗauke shi, ko wani otal a Abuja. Ba wanda zai tambayi sakamakon WAEC. Magana ɗaya ce: a turo hotunan aiki. Sai a shiga lalube cikin waya, a tura hoto arba'in a hargitse, wasu sun dusashe, wasu ma na wani biki ne da aka je cin shinkafa.

Akwai masu cewa maganin shi ne a buɗe shafin intanet na kai. Ga mai fara sana'a wannan ɓarnar kuɗi ce. Sunan shafi sai an sabunta shi da kuɗi duk shekara, kuma uwar amarya ba Google take shiga neman mai kwalliya ba, ƙawarta take tambaya. Abin da ya fi dacewa yana cikin wayar tun tuni. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, ta fito a 2018, a 2019 kuma aka ƙara mata katalog, inda ake jera hoto da bayani da farashi, ya zauna har sai mai shi ya cire. Yana ɗaukar kaya har 500, yana kuma da adireshi guda da za a tura wa kowa ya buɗe.

Amma kada a cika shi. Aiki goma zuwa sha biyar sun isa, mafi kyau a sama. Abin da ke ƙarƙashin hoton ya fi hoton amfani ga mai ɗaukar ma'aikaci: wane irin taro ne, a wane gari, wane wata, awa nawa aikin ya ci, mutum nawa suka yi shi. In bayan kujera kawai ta haɗa, sauran na uwar ɗakinta ne, ta rubuta haka.

Nan ne aka fi yin ganganci. Ana sauke hoton wani zaure na Dubai daga Pinterest, cike da ɗanyen wardi, a manna masa lambar waya ta Zuru. Duk mai wayar Android zai iya ɗora hoton a Google Lens ya ga inda aka kwaso shi cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya daɗe a sana'ar ma ba ya bukatar Lens. Ya san ɗanyen fure daga Jos ake kawo shi ko daga ƙasashe irin su Kenya, ya san kuma abin da zafin watan Afrilu a Kebbi zai yi masa kafin azahar. Fulawar roba ba abin kunya ba ce, da ita ake yawancin aiki a Arewa. Wadda ta nuna rumfar da ta gyara da roba a tsakar gida mai ƙura, hoton kafin aiki da na bayan aiki gefe da gefe, ta fi mai zauren aro samun kira, domin an ga abin da hannunta zai iya da kayan da ake da su.

Ɗaukar hoton ba ya son waya mai tsada. A goge gilashin kyamara da gefen mayafi, a ɗauka kafin jama'a su cika wuri, ɗaya daga nesa, ɗaya kusa da ƙullin furannin. WhatsApp yana matse hoto in an tura, shi ya sa yake dusashewa. Tun 2023 akwai maɓallin HD, ko kuma a tura shi a matsayin dokumen ya isa yadda yake.

Sai dai dokumen yana da tarko. Yana tafiya da duk bayanan da kyamara ta ɓoye a jikin hoton, har da daidai inda aka ɗauka in lokeshan a kunne yake. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga kamar ƙasar Zuru, aika wa baƙo taswirar gidan da aka yi babban biki ba ƙaramin abu ba ne. A kashe lokeshan a saitin kyamara tun kafin a fita aiki. Fuskar amarya kuma ba kayan talla ba ce sai da izininta.

Takardar neman aikin kanta, wadda ake kira sibi, shafi ɗaya ya wadatar. A haɗa ta a Google Docs ko Canva, a fitar da ita a PDF: suna, gari, wurin wanda aka koyi aiki da tsawon lokaci, abin da aka iya, sai adireshin katalog ɗin. Lambar NIN da BVN da kwatancen gida ba su da wuri a ciki, ko da wanda ya ce zai ba da aikin ne ya nema tun kafin a haɗu.

Raunin katalog ɗaya ne, a jikin lambar waya yake rataye. In layi ya ɓace ko ɓarayin asusu suka ƙwace shi, an koma farko. Don haka a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, asalin hotunan kuma su zauna a Google Drive ko Google Photos, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta. Kowane biki da jakarsa, da sunan gari da wata a kai, a loda da dare in sabis ya ɗan saki.