Waya Ɗaya Ba Ta Isa Ƙasar Ruma Ba

Duk lokacin da aka tashi mayar da aikin asibiti, makaranta ko sakatariya kan kwamfuta, abin da ake nuna wa jama'a ranar yanka ƙyalle shi ne kwamfutocin da aka jera a tebur, ba mai waiwayar ɗan akwatin da ke manne a bango, wanda duk wayoyin ginin suke haɗuwa a cikinsa. Wannan akwati shi ne suwic, na'urar da ke karɓar saƙo daga wata kwamfuta ta miƙa shi ga wadda aka nufa, kuma iri biyu ne: akwai wanda jona masa wuta kawai ake yi, akwai kuma mai karɓar umarni, wanda injiniya ke shiga cikinsa ya tsara yadda zai yi aiki. Abin takaici shi ne a biya kuɗin mai karɓar umarnin da ya fi tsada, sannan ɗan kwangila ya kafa shi yadda ya fito daga kwali, ya karɓi cikon kuɗinsa ya kama gabansa.

A Kano wannan sakaci yana da sauƙi, domin in layi ya ɗauke injiniya Adaidaita zai hau ya zo. A Batsari da Safana na ƙasar Ruma kuwa, da ke bakin dajin Rugu, kowa ya san hatsarin da ke kan hanya, ba kuma wanda zai ga laifin ma'aikacin da ya ƙi baro Katsina da yamma saboda waya ta tsinke.

Maganin farko shi ne hanya ta biyu, wato a haɗa na'urorin da waya fiye da ɗaya. Sai dai in an yi haka ba tare da tsari ba, saƙo zai riƙa kewayawa yana ninka kansa har ya toshe komai. Wannan matsala ce Radia Perlman ta warware a 1985 da tsarin STP, wanda ke rufe hanya ɗaya ya ajiye ta, ya buɗe ta in ta farko ta mutu. Tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo, amma RSTP da ya fito a 2001 ya rage wannan zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Ilimin ya girmi yawancin masu kafa na'urorin, saboda haka rashin kunna shi ganganci ne.

Akwai kuma yaudarar da ta fi wannan muni, ta wayoyi biyu a rami ɗaya, ko layi biyu daga turken sadarwa ɗaya, ko na'ura biyu a kan batir ɗaya. Magini guda da diga ya ishe su. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan Nijeriya suka shiga halin ni-'yasu, saboda huɗun duk yanki ɗaya suka bi.

Magani na biyu shi ne sa ido daga nesa ta tsarin SNMP, wanda da shi na'ura ke sanar da injiniya cewa zafi ya yi mata yawa, ko wata ƙofarta ta daina aiki, tun kafin ma'aikata su farga. Tsofaffin nau'o'insa a fili suke aika kalmar sirri, don haka na uku, mai ɓoye saƙo, shi ya kamata a kunna. Ya wajaba kuma a tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana: duk sa idon da ya dogara da layin salula kaɗai, ranar ya makance. Masu cewa tauraron ɗan Adam ko rediyon nesa ya yi tsada ba su lissafa kuɗin asibitin da ya rasa bayanan marasa lafiyarsa ba.

Ga Jami'ar Tarayya nan a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tana yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara. Shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su ɗauki 'ya'yan yankin su riƙe wannan aiki, kuma kada a sake sa hannu a takardar biyan wani ɗan kwangila sai ya zare waya ɗaya a gaban shaidu, an ga aiki bai tsaya ba.