Wasiƙa ga masu gina wa ofisoshin Gaya shafukan intanet



Ta gadar Malanville kayan da aka sauke a Kwatano suka saba shigowa Nijar, a Gaya kuma aka saba yi musu takardun duwan. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya durƙusar da harka, amma wakilan masu kaya da masu motoci da masu shagunan aika kuɗi suna nan, kuma ku ne ke gina musu shafukan aiki. Roƙona guda ne: kowane ma'aikaci ya shiga da asusunsa, shafin kuma ya san wane ne ya shiga. Inda mutum biyar ke amfani da kalmar sirri ɗaya, ranar da aka canza kuɗin da ke kan takarda ba mai laifi, kuma kowa abin zargi ne. Yaron ofis ne galibi ke shan wannan zargi.

Kada ku dogara da suna. Mutumin da takardar Gaya ta rubuta Aboubacar, a Kamba ta Najeriya Abubakar ne, kuma unguwa ɗaya tana iya tara masu sunan goma. Lambar waya ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ɗan kasuwar bakin iyaka yakan riƙe layin Nijar da na Benin da na Najeriya, ya sa wanda ya fi kama sabis. Benin kuwa a ƙarshen Nuwamba 2024 ta mai da lambobinta daga alƙaluma 8 zuwa 10, wanda duk ya ɗora shaidar mutane a kan lambar waya sai da ya koma gyaran rumbunsa. Adireshin intanet ya fi su rauni, domin duk wanda ke kan wifi ɗin ofis da adireshi ɗaya yake fitowa. Ku ba kowane asusu lambar cikin gida da ba ta canzawa, ku maƙala ta ga duk abin da aka rubuta ko aka goge, da ranarsa da lokacinsa. Sunan wanda ke ciki ya fito ɓaro-ɓaro a saman shafi.

Na san abin da mai ofis zai ce muku: sabis na tsinkewa, direba na jira a ƙofa, ba lokacin fita da sake shiga. Gaskiyarsa ce, amma maganin a hannunku yake. Ku sa sauya ma'aikaci ya yi sauƙi, da gajeriyar lambar sirri a kwamfutar da shafin ya riga ya sani, ku adana aikin da ba a gama ba kafin shafin ya rufe kansa in an tashi salla. In ya ce yaransa amintattu ne, ku nuna masa cewa amintaccen ne ya fi buƙatar shaida. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki kuma, asusunsa kaɗai za a toshe, sauran su ci gaba da aikinsu.

Wassalam.