Masu jiran furoje, ku zo ku ji labarin wani shago

Daga Yamai har Damagaram, magana guda ce ke kashe ƙungiyoyin matasa marubuta: "Sai mun sami mai tallafi." A zaɓi shugaba da ma'aji, a sassaƙa hatimi, a kai takardar neman kuɗi ofishin wata ONG, sannan kowa ya koma fada yana shan shayi yana jiran kira. Shekara ta zagayo, babu yaro ko ɗaya da ya rubuta shafi guda ta dalilinmu. Ƴan'uwa, wannan jiran lalaci ne muka sa wa babbar riga.

Ku dubi yadda aka kafa 826 Valencia, ƙungiyar agaji mai koya wa yara ƙagaggen rubutu a San Faransisko ta Amurka. A 2002 marubuci Dave Eggers da wata malamar makaranta, Nínive Calegari, suka buɗe ta. Sunan ma adireshin wurin ne kawai: gida mai lamba 826 a titin Valencia. Eggers yana da abokai malamai da ke kuka da abu ɗaya: ɗalibai sun yi musu yawa, ba su da lokacin zama da kowane yaro shi kaɗai su duba rubutunsa. Da yawa daga yaran unguwar kuma Sifaniyanci ake yi a gidajensu, makaranta kuwa Ingilishi. Shi kuma yana zagaye da marubuta da editoci masu sararin lokaci da rana. Sai ya haɗa mai buƙata da mai lokaci a ɗaki guda: ma'aikatan kamfaninsa na ɗab'i, McSweeney's, suna aikinsu, yara ƴan shekara 6 zuwa 18 na shigowa bayan an tashi daga makaranta, ana zama da su kyauta.

Dokar gari ta ce ginin na kasuwanci ne, dole a sayar da wani abu. Ba su tsaya kuka ba. Suka mai da gaban ginin shagon kayan ƴan fashin teku, irin na cikin tatsuniyoyin Turawa: ƙafar katako, ƙyallen rufe ido ɗaya da makamantansu. Abin da aka fara da raha ya zo yana taimakawa wajen biyan haya. Da farko ma yara ba su zo ba, don wace uwa za ta tura ɗanta bayan irin wannan shago? Sai da aka bi ta hannun malamai da makarantu kafin wurin ya cika. Daga nan wasu suka ɗauka: Roddy Doyle da Seán Love suka kafa Fighting Words a Dublin a 2009, Nick Hornby da abokan aikinsa suka buɗe Ministry of Stories a Landan a 2010.

Na san amsar da ke bakinku: "Ai Eggers littafinsa ya yi kasuwa, yana da kuɗi, kuma Amurka ce." Gaskiya ne, yana da su. Amma me kuɗin suka saya? Ɗaki da tebura. Zaman da babba ke yi kusa da yaro yana tambayarsa "to, daga nan sai me ya faru?" masu sa kai ne suka yi shi, ba a biya su ba. Mu ɗaki bai gagare mu ba. Ga zaure, ga ajin da ke rufe ran Asabar, ga inuwar da muke kashe awa huɗu a kan butar shayi. Kaye da bik nawa suke? Matsalar yaransu ma irin ta ƙannenmu ce: yaro na mafarki da Hausa ko Zabarmanci, a lakwal kuma Faransanci ake nema a wurinsa, ga aji cike maƙil, mushe ba ya iya bin kowa. Wa ya taɓa ce masa labarin da kakarsa ta ba shi, ko rigimar da ya gani a tasha, abin rubutawa ne?

Abu na biyu da suka riƙe: rubutun yaro ana buga shi ya zama littafi, da sunansa a ciki. Wannan takardar da ke hannunku fotokopi ce, kun kuwa karanta ta. Shafi ashirin na labaran ƴan kolej bai fi ƙarfin karo-karon mutum goma ba. Marubutan Kano na ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da kansu suka nemi hanyar buga littattafansu, har suka ƙetaro iyaka muka karanta. Wane furoje suka jira?

Mai tallafi in ya zo, marhabin. Amma ya tarar da aiki yana tafiya, don ƙungiyar da aka haifa saboda perdiyam ranar da perdiyam ya ƙare take mutuwa. Kowane ɗayanmu ya nemi yara uku a unguwarsu, a Maraɗi ne ko a Tawa, ya ba su awa biyu a mako, ya karanta abin da suka rubuta ba da jan bik ba. In an yi wata uku, mu tara shafukan mu kai wurin mai fotokopi. Wanda ya ce ba shi da awa biyu, a ƙirga masa waɗanda yake kashewa a WhatsApp.